Ƙoƙon da Ba a Wankewa

A daminar 1988, ina aji biyar na firamare, malaminmu na kiwon lafiya ya zana ƙuda a allo, ƙato kamar ɗan tsako, har da gashi a ƙafafu, ya ce duk mazubin da bai ga sabulu ba gidan cuta ne. Ya ce mu ne za mu koya wa iyayenmu tsabta tunda su ba su shiga aji ba. Sauran yara ana tashi suka manta. Ni kuwa na riƙe maganar kamar wasiyya, na taho gida ina raba ido, ina neman abin da zan wanke.

Ƙauyenmu yana ƙasar Malumfashi, a kudancin Katsina, jihar ma lokacin ba ta cika shekara da yankewa daga Kaduna ba. Mu ne ake kira Maguzawa, ko da yake a gidanmu sunan ya riga ya dare gida uku. Baba da Inna suna zuwa majami'ar ECWA. Wani ƙanen Baba ya musulunta ya koma cikin gari. Kaka kuwa, mahaifiyar Baba, ta ce ta tsufa da koyon sabuwar hanya, ta zauna da tsamiyarta ta bayan gida da tukwanenta. Ita ce mai dafa burkutu a shiyyarmu. Rumfarta daban take da madafin Inna, domin Inna tun da aka yi mata baftisma ko muciyar giya ba ta taɓawa, ikilisiya ta hana. A ƙarƙashin rumfar akwai manyan tukwane shida, kowace ni da ƙanwata za mu iya ɓuya a ciki.

Abin da na samu na wanke yana cikin ɗakin Kaka, a ragaya. Wani ƙaramin ƙoƙo ne, ya yi baƙi don tsufa, cikinsa ya kama da wani busasshen abu mai kauri kamar ƙanzo, yana wari tsami-tsami. Kusa da shi, a soke cikin jinka, ga wani guntun soso da ya ƙandare da irin wannan dattin. Na ce to, ga abin wanki ga abin wankewa, Allah ya haɗa. Na ɗebi ruwan zafi daga tukunyar Inna, na barbaɗa omo, na dirje ƙoƙon da soson har sai da zanen da aka yi masa da wuƙa tun zamanin da ya fito. Na ɗauraye soson shi ma, na shanya su bisa danga a tsakiyar rana. Har yau ban taɓa yin wanke-wanken da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Kaka ba ta gan ni ba, don tun asuba tana bakin murhu. Washegari za a yi gayyar noman farko a gandun gidanmu, ana sa ran mutum kusan arba'in, kuma a wancan zamanin gayya ba giya gayyar mutum biyar ce. Baba ya san haka. Shi nasa shi ne tuwo da kunu saboda 'yan majami'a, sauran kuma ya kau da kai ya bar wa uwarsa.

Aikin ya kai kwana takwas da farawa. An jiƙa jar dawa ta kwana a ruwa, an tsame, an baza a ƙasan ɗaki an lulluɓe da buhuna, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta fitar da tsiro, saiwoyin suka sarƙe kamar tabarma. Aikina a lokacin shi ne korar awaki, domin ɗanyen tsiron dawa guba ne, kamar yadda gyauro yake kumbura dabba ya kashe ta. Shanya da doguwar dahuwa ne suke fitar da dafin. An shanya tsiron tsakanin ruwa da ruwa, ana kwashewa da gudu in hadari ya taso, sannan aka kai inji. Ranar farko ta dahuwa Kaka ta dama garin da ruwa, ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe. Na ƙasan ta dafa har ya yi kauri kamar talge, ta bari ya huce kaɗan, ta mayar masa da ruwan da ta ajiye. A nan ne abin da ya fi ba ni mamaki yake faruwa: wannan kaurin da muciya take tsayawa a ciki sai ya saki, ya tsinke, ya koma ruwa mai zaƙi. Ya kwana ya yi ɗan tsami. Rana ta biyu, wato ranar da na yi aika-aikata, aka sake dafa shi tun safe har la'asar, aka tace, aka rarraba a tukwane don ya huce. Mu yara wannan ruwan zaƙin muke jira, shi ba ya bugarwa, ko Inna ba ta hana mu sha.

Saura abu ɗaya, a sa iri.

Da rana ta faɗi Kaka ta tsoma ɗan yatsa a tukunya, ta gyaɗa kai, ta ce, "Kishiya, shiga ki sauko min da ƙoƙon nan." Na tafi bakin danga na ɗauko, na miƙa mata hannu bibbiyu ina jiran yabo. Ta juya shi. Ta sake juyawa. Ta kai hanci.

"Soson fa?"

Na kawo shi, fari tas, yana ƙamshin omo.

Kaka mace ce mai faɗa, ana jin muryarta daga bakin rafi. Ranar ba ta ce uffan ba. Ta ja turmi ta zauna, ƙoƙon a cinyarta. Da dukana ta yi da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, ba ma da ni take ba, "Da shi aka kawo ni gidan nan. Ana yaƙin Hitila. Uwata ce ta sa min shi a cikin kaya." Sai a lokacin na gane dattin nan da na kankare shi ne iri: gindin giyar da ta wuce, wanda ake ɗiba daga ƙasan tukunya a ajiye don ya tayar da ta gaba. Na ƙoƙon shi ne na yau da kullum. Soson kuwa ajiya ce saboda ɓacin rana, ana tsoma shi a gindin giya a busar a inuwa, in na ƙoƙo ya lalace a jiƙa shi. Shekara arba'in da wani abu ba a taɓa rasa su biyun a rana ɗaya ba, sai da aka sa ni a makaranta.

Gida ya ɗauka. Inna ta fito da tsumagiya, Kaka ta ɗaga mata hannu ta ce ta bar yarinya. Baba ya tsaya daga nesa yana lissafin dawa, don a shekarar ta yi tsada. A farkonta ne gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giyar kwalba suka koma sayen dawa, abin da Kaka ta ji ta ce ashe masu kwalba sun gano hanya. Wani ya ce a bar tukwanen mana, ai za su tashi da kansu. Kaka ta ce za su tashi, amma sai jibi, kafin nan tsami ya riga su, kuma gayya gobe ce. Baffa, autan su Baba, wanda shi ne babban mai ciniki a rumfar kuma bai taɓa biya ba, ya ce shi ya san magani. Ya hau keke ya tafi wurin mai gasa burodi a bakin kasuwa, ya dawo da yis a ƙulle cikin takarda. Kaka ta shinshina, ta ce ya ɗauki tukunya ɗaya, ta ƙarshe, ya yi wasansa, don ta huta da bakinsa.

Sannan ta ɗaura ɗankwali ta ce in kunna fitila.

A ƙetaren rafi akwai wata tsohuwa, ita ma mai dafawa, wadda shekara tara ba sa ga-maciji da Kaka saboda wata maganar aure da ta lalace. In sun haɗu a kasuwa kowace sai ta ga wani abin sha'awa a wani gefen. Can muka nufa. Rafin ya kawo ruwa har gwiwata, kwaɗi sun cika duniya da kuka, ni ina gaba da fitilar ƙwai ina sharar hawaye, Kaka tana baya ba ta ko tari.

"Gafaranku dai," in ji Kaka a ƙofar gida.

Tsohuwar ta leƙo, ta dube mu sama da ƙasa.

"Wuta na zo ɗiba," in ji Kaka.

Ga fitila a hannuna tana ci. Tsohuwar ba ta tambayi wace wuta ba. Ta shige ɗaki, muka ji ana taɓa ƙore, ta fito da ƙoƙo an rufe da ganye. Sai da ta miƙa sannan ta ce, "Wa ya yi aikin?"

"Kishiyata. 'Yar boko. Da omo."

Matar nan ta yi dariya har ta sarƙe, ta dafa bango tana tari, tana cewa boko ya yi rana. Ban ga fuskar Kaka ba, amma na ji wani abu ya fita ta hancinta wanda ba tsaki ba ne. A hanya ta faɗa mini ƙa'idar, kuma ita ce doguwar maganar da ta yi a daren: iri ba a sayar da shi, ba a hana shi, ko ga wadda ta kashe maka uba, domin kowace mai tukunya ranarta tana zuwa. Ƙoƙon ta cusa shi cikin zane, a jikin cikinta, don kada sanyin dare ya kama shi.

Da muka iso ba ta juye shi a tukwane kai tsaye ba. Ta ɗebi ruwan zaƙi a ƙwarya, ta gwada da yatsa, ta ce sai ya yi ɗumin nonon da aka tatso yanzu, in ya fi haka iri ya ƙone, in bai kai ba ya yi barci. Ta dama irin a ciki, ta rufe da faifai, muka zauna. Wajen awa biyu sai ga kumfa ta kewaye bakin ƙwaryar kamar an sa mata farin zobe. Sannan ta raba wa tukwane biyar, ta rufe, ta ɗora gawayi da barkono a kan kowane faifai saboda baki da ido. Ta ce hukuncina shi ne in kwana gadi. Cikin dare na kara kunne a jikin tukunya, na ji wata ƙara siririya, kamar gara tana cin kara. Na yi tsammani wani abu ne ya faɗa ciki. Kaka ta ce daga kan tabarmarta, "Kwanta. Sun tashi ke nan."

Tukunyar Baffa tun kafin tsakar dare ta yi tsalle ta zubar da kumfa har ƙasa, yana ta murna yana cewa ga aikin Bature. Da gari ya waye ta kwanta shiru. A gona aka buɗe ta, ƙamshin burodi ya tashi, wani ya ce a kawo shayi a haɗa. An dai shanye ta, don a bakin gona ba a mayar da komai gida. Biyar ɗin kuwa suka isa suna tsuwa, kowa ya yaba, aka nome gandu kafin la'asar. Amma wani dattijo, wanda ya fi shekara talatin yana sha a rumfarmu, ya kurɓa, ya juya a baki, ya ce, "Wannan ai hannun ƙetare ne." Kaka ta ji. Dawarta ce, ruwanta ne, itacenta ne, kwana tara tana wahala, amma harshen mutum ɗaya ya gano abin da ya zo a ƙoƙo cikin dare.

Da yamma ta aike ni ƙetare da ƙoƙon mutane, cike da sabon gindi, da tulu guda na giya. Ko cokali ba ta rage wa kanta ba. Ta ce ba za ta ƙarasa rayuwarta tana dafa giyar wata ba. Za ta reni nata, kuma tunda ni na kashe, ni zan yi raino.

Mako ukun da suka biyo baya su ne makarantar da ta fi zauna mini a kai. Kaka ta dafa ɗan ruwan tsiro kaɗan, ta zuba a sababbin ƙoƙuna uku. A na farko ta kankare cikin wata tsohuwar tukunya da ta tsage aka kife ta a bayan ɗaki, wadda ta ce tun tana amarya take dafawa a cikinta. A na biyu ta jefa ɓawon nunu, 'ya'yan ɗanya, waɗanda muka tsinto a ƙarƙashin bishiya sun fara laushi. Na uku ba ta sa masa komai ba, ta ajiye shi a buɗe a gindin tsamiya ya kwana, wai ko masu wurin za su ba da nasu. Sannan aka rufe duka, aka sa a lungun ɗaki inda rana ba ta kaiwa.

Kullum da safe sai ta sa in buɗe in shinshina in faɗi abin da na ji kafin ita ta ce komai. Na gindin tsamiya a kwana na uku ya yi funfuna, kore da baƙi, yana warin tsumman da ya kwana a jiƙe. Ta ce masu wurin sun ce a'a, aka zubar, aka ƙone ƙoƙon. Na nunu shi ya riga kowa tashi, da kumfa da ƙamshin 'ya'yan itace, har na fara rawa. Kaka ta ce in bari tukuna, mai saurin gaisuwa ba shi ne mai zumunci ba. Kwana biyu sai wata farar yana ta rufe samansa, ɗanɗanonsa ya koma kaifi kamar ruwan tsamiyar da ya kwana uku. Na tsohuwar tukunya kuwa ya yi shiru har na fid da rai. A rana ta huɗu na ga 'yan ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba sa so. Warinsa bai yi daɗi ba, amma a ƙarƙashin warin akwai wani abu da na sani, warin ɗakin Kaka.

Daga nan sai ciyarwa. Ba ta taɓa ba shi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ludayi ɗaya daga ƙoƙo zuwa ƙaramar ƙwarya ta sabon ruwan zaƙi; in ya tashi ya kwanta, a zubar da na sama, a ɗebi farin da ya taru a ƙasa a kai ƙwarya babba; daga nan ƙaramar tukunya. Ta ce jariri ba a fara shi da tuwo. Kowane zagaye yana riga na baya tashi: kwana huɗu, kwana biyu, kwana ɗaya, har ya zama in an sa da magariba kafin asuba ya yi kumfa. Warin banzan yana raguwa, ƙamshin yana fitowa. Kuma duk lokacin da na daɗe da faifai a hannu ina leƙe, sai ta daka mini tsawa: "Rufe, kada ya sha iska!" A zagaye na shida ta kurɓa, ta yi shiru, ta ce bai kai na uwarta ba amma ɗan gidan ne. Ta sa na yanko sabon soso daga jikin danga, na ɓare, ta tsoma shi a gindin, ta soke a jinka. Ƙoƙon da na wanke shi ta mayar wa aikinsa. Kafin kaka ya sake yin baƙi.

Ba zan yi wa giya kwalliya ba. Na ga abin da ta yi wa Baffa, wanda bai kai hamsin ba, na ga magidantan da suka sayar da damin da za a ci da bazara suka kawo kuɗin rumfarmu, matansu suna zagin Kaka a bakin rijiya, kuma ba duka zagin ne na zalunci ba. Ni kaina ban sha ba, ba na sha. Amma kuɗin makarantata na sakandare, da akwatin ƙarfe, da takalmin sandal, daga bakin zanen Kaka suka fito, Inna ta sani, Baba ya sani, ba wanda ya taɓa cewa a mayar.

Da wannan kuɗin na kai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sashen nazarin ƙananan halittu. A 1999 na zo hutu na ɗebi irin Kaka a 'yar kwalba, na koma Samaru na ɗiga shi a gilashi na sa a madubin ƙara girma. Na daɗe ban ɗago ba. Ga su nan birjik, masu siffar ƙwai, wasu da ɗan ƙaramin ƙullutu a gefe, wato 'ya'yan da suke tsirowa daga jikin uwa. Ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, kuma in ya sami zaƙi da ɗumi cikin awa biyu ya zama biyu. Shi ne Saccharomyces cerevisiae, mai cin sukari ya fitar da barasa da iska. Iskar ce na ji tana ƙara a jikin tukunya. Ɗan'uwansa ne na jini yake kumbura burodi da fanke da waina. Amma ba shi kaɗai ba ne a gilashin. Akwai wasu yis ɗin masu tsawo, akwai bakteriya sirara kamar guntayen tsinke, masu kawo tsami.

Ɗaya bayan ɗaya littafi ya riƙa ba ni dalilin abin da na gani a rumfa. Garin dawa ba ya nuna sai a zafin da yake kashe sinadaran tsiro masu mayar da shi sukari, shi ya sa ake tsiyaye ruwan sama a ɓoye shi daga wuta a dawo da shi daga baya. Tsamin daren farko katanga ce, masu ruɓar da abinci ba sa iya zama a cikinsa, yis kuwa bai damu ba. Masu mayar da barasa ruwan tsami sai da iska suke aiki, ga dalilin tsawar faifai. Ciyarwa daga ƙarami zuwa babba kuwa haka muke yi a ɗakin gwaji, sai dai mu da kwalabe da auduga. Gawayi da barkono ne kawai ban samu a littafi ba.

Na ba Kaka labarin Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna cewa masu rai ne suke wannan aikin, har ya rubuta littafi sukutum a kan giya a 1876. Ita Fasto ta ji. Ta riƙe baki ta ce ashe akwai faston da ya san darajar tukunya, a gaya wa namu. Na kuma ba ta labarin Emil Hansen, wanda a 1883, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg a ƙasar Denmak, ya ware ƙwayar yis guda ɗaya tak ya rene ta ita kaɗai, daga nan giyar kwalba ta zama ɗanɗanonta ɗaya kullum. Na ce ni ma na yi mata haka. Na ja irinta a kan farantin gilashi da 'yar waya da aka ƙona a wuta, na sake ja, na sake, har ɗigo-ɗigo farare suka fito kowanne daban, na zaɓi mafi kyau na rene shi a ruwan tsiron da aka dafa. Na kawo mata a kwalba, tsabtatacce, ba gauraye. A raina biyan bashi ne na shekara goma sha ɗaya.

Ta karɓa, ta gwada a ƙaramar tukunya. Ya tashi da kyau, a kan lokaci. Ta kurɓa, ta juya a baki kamar dattijon nan na gona.

"Yana da ƙarfi," ta ce. "Amma tilo ne. Bai taɓa zama da mutane ba." Ta miƙo mini kwalbar. "Kishiya, har yanzu wanke-wanken kike yi."

A shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Katsina, bayan Zamfara da Kano. Ba wanda ya zo ya fasa mana tukunya. Ciniki ne ya janye jiki: masu zuwa daga cikin gari suka daina, fita da tulu zuwa kasuwa ya zama abin tsoro, samarin gidajenmu kuma yawancinsu sun shiga majami'a ko masallaci, gayya ta koma ta kuɗi. Tsohuwar ƙetare ta riga ta rasu, Kaka ce ma ta dafa giyar makokinta. Manyan tukwanen suka koma na ajiyar ruwa da gero. Amma duk mako Kaka sai ta jiƙa dawa tafi biyu, ta yi tsiro, ta dafa a ɗan kasko, ta ciyar da ƙoƙonta. In ya tashi ta ɗanɗana, ta zuba sauran a gindin tsamiya. Shekara biyu tana haka, ba mai saye, ba mai sha. Nawa na kwalba tuni ya mutu a firij, wani mako da wuta ta ɗauke.

Ta rasu a farkon Disambar 2002, bayan jinyar wata biyu. Da muka zo share ɗakin, ƙoƙon ya yi funfuna, ba wanda ya kula da shi tun da ta kwanta. Soson yana nan a jinka, a bushe ƙamas. Na sa shi a jaka ban gaya wa kowa ba. Na yi tsiro a bayan ɗaki, na dafa, na jira ya yi ɗumin nono, na yanki rabin soson na jefa, na rufe da faifai. Kwana uku shiru. A na huɗu suka fara tasowa, ɗaya bayan ɗaya.

Ina tsugune a kansa sai na ji mutum a bayana. Inna ce, da zanen Zumuntar Mata a jikinta, za ta tafi koyon waƙar Kirsimeti. Na rasa inda zan sa kaina. Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta kai hanci ta daɗe, matar da shekara kusan talatin take kewaye rumfar nan kamar mai kewaye rijiya. Sannan ta ce, "Rufe, kada ya sha iska."

Ana jibi Kirsimeti ta jiƙa shinkafa. Da aka niƙo, maimakon ta aiki yaro sayen yis, sai ta ce in kawo mata abin nan. Ta tsiyaye na sama, ta kwashi farin ƙasan ta dama a ƙullun waina. Da asuba ƙullun ya ɗaga faifai. Kafin ta ɗora tanda ta ɗebi ludayi ɗaya ta zuba a wani ɗan ƙoƙo, ta kai ɗakinta ta sa a ragaya. Da na tashi tattara kwanuka bayan an ci, ta ce in bar su, yara za su wanke, ni in je in huta.